Faifai biyar kawai ƙanena zai iya ɗauko min, sabon bugu zan saya ko tsoho?

Ɗan Fagge:
Salam jama'a, shawarar manya nake nema. Ƙanena zai dawo daga Ingila ƙarshen wata, ya ce akwai ɗan wuri a akwatinsa amma faifai biyar ne iyaka saboda kilo. Garmahon da nake da shi na marigayi mahaifinmu ne, na kai an gyara an sa masa sabuwar allura da bel, yanzu yana juyawa lafiya lau, sai dai abin da Baba ya bari kusan duk highlife ne da 'yan faifan Shata. Ni kuma shekara biyu kenan jazz ya kama ni, Miles Davis da Coltrane da Herbie Hancock nake ta ji a waya. Da na shiga intanet zan zaɓa sai kaina ya ɗaure, Kind of Blue na Miles Davis guda ɗaya amma bugunsa ba ya ƙirguwa, wani araha kamar kyauta wani kuma ya haura dala 100, hoto ɗaya waƙoƙi ɗaya. Don Allah mene ne bambancin, kuma in ku ne wane biyar za ku ɗauka?

Kawu Mai Garmaho:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ji ƙan mahaifinku. Kafin a kai ga wane biyar, ka riƙe tambaya uku duk lokacin da ka ga sabon bugu: daga wane tef aka ɗauko sautin, wa ya yanka layukan sautin, a wace masana'anta aka buga. In kwalin bai faɗi ko ɗaya ba, iyakaci wata sitika mai ƙyalli an rubuta giram 180, to ka ajiye shi. Nauyin faifai ba ya ƙara wa sauti komai, amfaninsa dai ba ya saurin lanƙwashewa.

Ɗan Fagge:
Amin Kawu na gode. To masu arahar nan fa, jabu ne?

Injiniyan Kakuri:
Ba jabu ba ne a dokar Turai, shi ya sa za ka gan su a manyan shaguna. Da can haƙƙin mallakar sautin da aka naɗa shekara 50 ne a Tarayyar Turai, aka mayar da shi 70, sabuwar dokar ta fara aiki a 2013 amma ba ta waiwayi na baya ba. Kenan duk abin da ya fito kafin 1963 kowa zai iya bugawa a can ba tare da ya biya kamfanin asali ba. Kind of Blue 1959 ne, Blue Train na Coltrane a 1957 aka naɗe shi, duk sun faɗa ciki. Matsalar ita ce waɗannan ƙananan kamfanonin ba su da tef ɗin asali, yana ɗakin ajiyar masu shi, to daga ina suka samo sautin? Yawanci daga CD ko wani fayil. Ka ga kenan ka sayi CD ne da aka zuba a roba, ga ƙarar allura a kai.

Baban Ummi:
Wlh ni abin ya faɗa min. Na sayi irinsu guda uku lokacin ban san komai ba, robar mai kala ce shuɗiya gwanin kyau, har da sabon hoto a kwalin wanda ba shi ne na asali ba. Da na ɗora sai na ji kugen ganga kamar ana soya ƙosai a ɗaki na gaba, bes ɗin kuma ya dunƙule wuri ɗaya ba ka bambance igiya da igiya. Ɗaya ma ramin tsakiyar bai daidaita ba, kana kallon hannun garmaho yana lilo hagu da dama, fiyano yana rawar murya. Na ji zafin kuɗin nan sosai. Araha ba ta ado ɗan'uwa, in ka ga an canja hoton kwali ka yi hattara.

Injiniyan Kakuri:
Shawarata ga na Blue Note, kamfanin faifan jazz na Amurka, ka tsaya kan jerin guda biyu na kamfanin da kansa. Akwai Tone Poet da suka fara a 2019 lokacin cikarsu shekara 80, Joe Harley ke kula da shi, Kevin Gray ke yankawa daga tef, ana bugawa a masana'antar RTI a Kalifoniya, kwalin mai kauri ne mai buɗewa da hotunan da Francis Wolff ya ɗauka a sutudiyo. Sai Classic Vinyl, shi ma Kevin Gray ɗin ne, amma a Jamus ake bugawa a Optimal kuma kwalin na yau da kullum ne shi ya sa ya fi sauƙin kuɗi. Hannun da ya yanka ɗaya ne, in sauti kake bi ba ado ba Classic ya ishe ka.

Kawu Mai Garmaho:
Injiniya ya yi gaskiya amma ni fa har gobe ina nan kan bakana, bugun farko daban ne. Rudy Van Gelder shi ya naɗi yawancin waɗannan, da farko a falon gidan iyayensa a Hackensack, daga 1959 ya koma sutudiyonsa na Englewood Cliffs, kuma shi da hannunsa ya yanka lokacin tef ɗin yana sabo fil, mawaƙan suna raye sun ji sun amince. Ka ɗauki tsohon Blue Note ka karkata shi ga haske, a filin nan da ba waƙa kusa da lakabin tsakiya za ka ga RVG, kusa da shi wata 'yar alama kamar kunne, tambarin masana'antar Plastylite ce. Ina da guda biyu masu adireshin 47 West 63rd a lakabi, wani tsohon malami ya bar min su, sun sha hannu akwai ƙas-ƙas, amma in ƙaho ya shigo sai ka ji kamar mutumin yana tsaye gabanka. Tef na shekara sittin da wani abu ba zai zama kamar ranar da aka naɗe shi ba.

Maman Hanif:
Kawu ina kwana, a yi min afuwa zan ɗan saɓa. Bugun farkon da kake magana a kai wa zai iya sayensa yau? Ina zaune a nan Ingila ina shiga shagunan, na ga yadda ake rataye su a bango bayan kanta ba a ma bari ka taɓa. Kaɗan aka buga tun asali, Blue Note ƙaramin kamfani ne a lokacin, irin su Hank Mobley mai lamba 1568 dubban daloli ake sayar da shi. Yaron nan biyar zai saya ya ji daɗi a ɗakinsa, ba jari zai zuba ba. Kuma Van Gelder yana yanka ne don allurar wancan zamanin mai nauyi, dole ya rage bes kar allura ta yi tsalle, masu yankan yanzu ba su da wannan takurar sosai.

Kawu Mai Garmaho:
Lafiya lau Hajiya. Maganar kuɗi kam kin fi ni gaskiya, ban ce ya saya ba, so nake ya san me ake kwaikwayo.

Bazazzagi:
Ni abin da nake so a faɗa wa Ɗan Fagge shi ne kar ya bari kalmar analog, wato sautin tef zalla ba kwamfuta, ta ruɗe shi ya zubar da kuɗi. Kun manta abin da ya faru da kamfanin faifai Mobile Fidelity a 2022? Shekara da shekaru mutane na sayen faifansu, musamman jerin One-Step mai tsada sama da dala 100, suna rantsuwa cewa sun ji ɗumin tef zalla ba kwamfuta a ciki. Sai wani mai shagon faifai a Phoenix ya tayar da maganar a YouTube, ya je har wurinsu, injiniyoyin da bakinsu suka ce ai suna kwafe tef ɗin zuwa DSD, wato dijital, daga nan suke yankawa, kuma an daɗe ana haka. Har kotu aka je aka yi sulhu aka ba masu saye damar mayarwa ko karɓar diyya. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne duk masu kunnen zinaren nan ba wanda ya gane da kunnensa, sai da aka faɗa musu.

Injiniyan Kakuri:
Haka aka yi, amma a yi adalci, laifinsu ɓoyewar ce ba sautin ba. Faifan suna da daɗi kafin a sani kuma suna da daɗi bayan an sani. Kuma akwai dalilin aikin. A bugu na yau da kullum ana yanka a kan lakar, wato faifai mai laushi da ake fara zana sautin a kai, daga ita a fitar da ƙarfe na farko da suke kira uba, daga uba a fitar da uwa, daga uwa a yi ta fitar da tambarin da ke danna roba. One-Step kuwa ƙarfen farkon nan shi ake ɗorawa a inji kai tsaye, yana cinyewa sai a sake yanka sabuwar lakar. To in za ka buga dubbai sau nawa za ka juya tef ɗin 1959? Kowane juyi yana cin sa. Da sun fito sun faɗi haka tun farko ba wanda zai ce uffan.

Bazazzagi:
To ai shi ke nan maganata, sun karɓi kuɗin abu ɗaya sun ba da wani. Amma na yarda dijital in gwani ya yi ba abin gudu ba ne.

Ɗan Damagaram:
Sannunku. Ku ƙara da cewa wani tef ɗin ma babu shi a duniya. Gobarar da ta tashi a ma'ajiyar Universal a Hollywood a watan Yunin 2008 ta cinye tef masu ɗimbin yawa, sai a 2019 jaridar New York Times ta fito da girman ɓarnar, kuma cikin kamfanonin da aka lissafa akwai Impulse da Decca da Chess. Shi ya sa in ka ga an rubuta an ɗauko daga tef na asali, wani lokacin kwafin da aka aika wata ƙasa tun da can ne aka nemo. Ni ban ga aibu ba in dai an faɗa.

Ɗan Fagge:
Kai jama'a na ƙaru. To fusion fa, jazz ɗin nan da aka gauraya da rock da funk? Don gsky Head Hunters na Herbie Hancock da Bitches Brew na Miles su suka fi shiga raina, fiye ma da na shekarun 1950 ɗin.

Maman Hanif:
Yawwa, nan ne lissafin yake juyawa ƙanena. Fusion ya yi kasuwa a zamaninsa, Head Hunters na 1973 ya haura kwafi miliyan, Heavy Weather na Weather Report 1977 shi ma haka, to tsofaffin bugun suna nan birjik a shagunan gwanjo, sau da yawa sun fi sabon bugu araha. Ka ce wa ƙanen naka ya shiga shagon tsofaffin faifai da ƙafarsa, ya zaro faifan daga jaka ya duba a ƙarƙashin fitila, in ya ga layi ya shafa da farce a hankali, in farce ya ji to allura ma za ta ji. In ta Discogs zai saya, kasuwar faifai ta intanet, kar ya sauka ƙasa da matakin lafiyar faifai da suke kira VG+, kuma ya karanta abin da mutane suka rubuta kan mai sayarwar. Ni ƙa'idata kenan, Blue Note na da can sabon bugu, fusion na shekarun 1970 tsoho.

Kawu Mai Garmaho:
Hajiya yau mun haɗu a hanya ɗaya. Sai dai ya lura robar wancan lokacin, bayan rikicin man fetur na 1973 wasu masana'antu sun riƙa sirantar da faifai har da narka tsofaffi a sake bugawa, shi ya sa wani za ka ga yana sheƙi amma yana da shuu a ƙasa. In ya samu bugun Japan mai ɗamarar takardar nan a gefe da suke kira obi, ya ɗauka, robarsu shiru ce ƙwarai kuma mutanen can sun iya adana kaya.

Injiniyan Kakuri:
Kan Bitches Brew akwai abin da ya kamata ka sani. An naɗe shi a watan Agustan 1969 ya fito 1970, kuma abin da kake ji ba haka aka buga shi a ɗaki daga farko zuwa ƙarshe ba, furodusansa Teo Macero ne ya zauna da reza yana yanka tef yana liƙawa, ya maimaita wani yanki, ya sa amsa-kuwwa a ƙahon Miles. Haɗin nan shi ne album ɗin. Da aka zo fitar da babban akwatin CD a 1998 sai aka koma tef masu layi da yawa aka sake haɗawa, ya fi fitowa tar amma ba shi ne ainihin abin da mutane suka ji a 1970 ba. Don haka a fusion tambaya ta huɗu ta shigo, haɗin asali ne ko sabon haɗi. Abu na biyu tsawon waƙa, waƙar da album ɗin ya ci sunanta kusan minti 27 ce a fuska ɗaya, in fuska ta yi tsawo dole mai yanka ya matse layukan ya rage ƙarfi, sai ka ƙara murya a amfilifaya. Wannan ne ya sa ake fitar da wasu a gudun 45, wato juyi 45 a minti, faifai biyu maimakon ɗaya, layi ya samu fili, amma fa za ka riƙa tashi juyawa duk bayan minti goma, kuma a akwatin ƙanenka gurbi biyu zai ci.

Baban Ummi:
Bitches Brew ɗin ma ai faifai biyu ne tun asali, a lissafa da shi.

Ɗan Damagaram:
Ɗan Fagge in ka samu Head Hunters ka saurari farkon Watermelon Man da kyau a sifika ba a waya ba. Busar nan Bill Summers ne yake hura kwalba yana kwaikwayon salon hindewhu na mutanen Ba-Benzélé na Afirka ta Tsakiya, yana busa yana sa murya a tsakani. Ranar da na fara jin ta a faifai tsigar jikina ta tashi, har numfashinsa kana ji a bakin kwalbar.

Bazazzagi:
Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Kullum album ɗin da aka riga aka buga sau ɗari shi ake sake bugawa, yau gudun 33 gobe 45 jibi roba mai haske, saboda sun san zai sayu. Alhali ga Yusef Lateef, mutumin da ya zauna a garinmu daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta ABU, ya yi aiki kan sarewar Fulani, ya yi album mai suna In Nigeria da aka naɗa a Legas a 1983, ya yi wani mai suna Hikima tare da makaɗanmu. Mu nawa ne a nan muka taɓa riƙe su a hannu? Eastern Sounds ɗinsa na 1961 kamfanin Craft ya yi masa bugu na musamman a 2021 kwafi 1000 kacal, nan da nan ya ƙare. Mutumin da ya sha ruwan Samaru, amma ɗan Samaru sai ya nemi dala kafin ya ji shi a faifai. Abin yana damuna wlh.

Maman Hanif:
Malam wannan gaskiya ne, amma ta wani ɓangaren ba don masu sake bugun ba da wasu abubuwan sun ɓace gaba ɗaya. Mulatu Astatke na Habasha, jerin Éthiopiques na Francis Falceto ne ya dawo da shi kunnen duniya, kundi na 4 da ya fito a 1998, ga shi daga baya yana zagaya duniya yana wasa da tsufansa. Ryo Fukui na Japan ma Scenery ɗinsa na 1976 ba kowa ya san shi ba a wajen ƙasarsu sai da intanet ta ɗaga shi aka sake bugawa.

Ɗan Damagaram:
Mu ma a Nijar mun gani da Mamman Sani mai ogan, kaset ɗinsa na 1978 kaɗan aka yi, sai a 2013 Sahel Sounds suka fitar da shi a faifai, ba jazz ba ne amma hanyar ɗaya ce. Abin da nake dubawa kawai shi ne an nemi mai waƙar ko iyalinsa an yi yarjejeniya, in kwalin ya nuna da izini aka yi sai in saya hankalina kwance.

Kawu Mai Garmaho:
Kuma kar ku ɗauka alaƙar Blue Note da ƙasar nan jiya ta fara. Art Blakey ya yi The African Beat a 1962 da Solomon Ilori ɗan Nijeriya a ciki, shekara ta gaba Ilori ya fitar da nasa African High Life a kamfanin. Tony Allen kuma, makaɗin ganga ɗan Nijeriya, kafin rasuwarsa a 2020 ya fitar da The Source a 2017 ƙarƙashin Blue Note. Ɗana tunda kunnenka a kan highlife ɗin mahaifinka ya tashi, na Tony Allen ɗin zai zauna maka daram, ga shi sabo ne ba ruwanka da rigimar wane bugu.

Ɗan Fagge:
To ga abin da na rubuta, ku duba min. Blue Train na Tone Poet, mono mai faifai ɗaya na 2022. Head Hunters tsoho in an samu mai kyau. Bitches Brew tsoho, na lissafa shi biyu. Saura gurbi ɗaya, ina tsakanin Kind of Blue da The Source.

Injiniyan Kakuri:
In Kind of Blue ne ka sayi na Columbia ko Sony da kansu na yanzu, kar ka bi tsohon sitiriyo. Injin da ya naɗi fuskar farko yana ɗan jan ƙafa ranar, to da aka juya a gudun daidai sai waƙoƙi ukun farko suka ɗan yi sauri muryarsu ta ɗaga kaɗan, haka aka yi ta bugawa fiye da shekara 30 sai a 1992 aka gyara. Wannan wuri ne da sabon bugu ya fi tsoho ba gardama.

Bazazzagi:
Ni dai The Source. Kind of Blue ba zai taɓa yankewa a kasuwa ba, ko baɗi ka sa a kawo maka.

Baban Ummi:
Ko wanne ka zaɓa ka gaya masa ya zare faifan daga cikin kwali ya ajiye shi a jakarsa ta ciki a gefen kwalin, in ba haka ba girgizar hanya sai bakin faifan ya tsaga kwalin ta sama. Ya sa su tsakanin kwali biyu masu tauri a jakar hannu, kar ya ba da su a auna. In an sauka kuma kar a bar su a but ɗin mota a rana ko na awa ɗaya ne, zafin Kano zai mayar da su kamar faranti. A gida a tsaye ake jera su ba a kwance ba, nesa da taga.

Maman Hanif:
Ya haɗo maka da burushin kabon guda ɗaya da jakunkunan ciki masu santsi, ba su da nauyi. Hunturu na zuwa, ƙura da bushewar iska su ke sa faifai ya riƙa ja wa kansa datti yana tas-tas.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. The Source na sa, na tura masa jerin yanzu. Kawu in sun iso zan kawo Blue Train ɗin gidanka mu ɗora a naka garmahon, ina so in ji shi kusa da tsofaffin nan biyu masu alamar kunne.

Kawu Mai Garmaho:
Ƙofa a buɗe take ɗana, ka zo ranar Asabar bayan la'asar lokacin muna da wuta. Ka taho da na Shatan ma in duba maka su, in suna buƙatar wanki mu wanke.